Waƙoƙin da Nake So Ka Saurara

Ɗana, tunda ka ce zirga-zirgar Ɗorayi zuwa Challawa tana cinye maka lokaci safe da yamma, kuma kullum kana cikin Adaidaita Sahu da waya a kunne, bari in ba ka shawarar abin da za ka riƙa ji. Ban hana ka waƙoƙin zamaninku ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai dai gidan naku yana da manyan muryoyi da ba ka san su ba, kuma ina jin takaicin hakan.

Ka fara da Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Nemi Bakandamiyarsa da waƙar Dokin Iska Ɗanfilinge. Ranar farko za su yi maka nauyi, domin Hausar ta mutanen yamma ce, ɗaukar kuma tsohuwa ce, tana ƙugi. Kada ka kashe. Ka maimaita har kunnenka ya raba kotso da murya, ka ji yadda yake ɗauko magana daga nesa, ya zagaya da ita, ya dire ta daidai inda 'yan amshi ke jiransa. Mutum ne da ke auna kalma kafin ya sake ta, shi ya sa malaman jami'a har yau ba su gama nazarinsa ba.

Daga nan sai Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991. A waƙar Mai Dubun Nasara da ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello, ka lura da yaransa: shi ya fara zance, su karɓe su ƙarasa, ba mai taka wani.

Shata kuwa teku ne. Kai da ke wuni cikin fata a wurin aiki ka fi kowa sanin halinta, to ka saurari abin da fatar akuya ke yi idan an ɗaure ta a bakin kalangu. Makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, sauti ya hau. Ya sassauta, ya sauka, har kalangun ya riƙa faɗin abin da Bahaushe zai gane. A kan wannan kiɗa Alhaji Mamman Shata yake ɗora waƙa nan take, ba takarda ba alƙalami. Ka ji Bakandamiyarsa, ka ji Na Tsaya ga Annabi Muhammadu, sannan waƙar Kumbo Apollo 11 da ya yi bayan Amurkawa sun sauka a duniyar wata a 1969. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura. Amma ka zaɓa, ba duk waƙarsa ake sawa a gaban iyaye ba.

Wanda na fi so ka riƙe shi ne Ɗanmaraya Jos, domin shi ya waiwayi irinku. Shi kaɗai yake, ba 'yan amshi, sai ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Sa'ad da wasu ke wasa sarakuna, shi ya yi wa Karen Mota waƙa. Duk leburan da ya taɓa dakon kaya a Sharaɗa ko Bompai zai ji da shi ake. Ka haɗa da Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali. Matarka kuma ka kai mata Barmani Choge ta Funtuwa, mai kiɗan ƙwarya, wadda ta daɗe tana zaburar da mata su kama sana'a.

Masu tura waƙa a Farm Centre za su zuba maka duk waɗannan a memori. Ka ce cikakku kake so, ba guntayen da ake yankowa ba. Ka ji waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe, inda Hausar ta shige maka duhu ka zo mu warware tare bayan sallar Isha'i. Kuma don Allah ka rage ƙarar wayar nan. Kunnen da ya wuni cikin rugugin inji yana bukatar a tausaya masa.