Darasin Lafiya: Idan Maƙoƙo Ya Gangara Cikin Ƙirji

Darasinmu na wannan fitowa a kan maƙoƙo ne, ciwon da ya fi kama mata, amma sai mu rufe shi da hijabi mu yi shiru.

Maƙoƙo kumburin wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, kuma ƙarancin sinadarin aidin na cikin abubuwan da ke jawo shi. Wani ba ya tsayawa a wuya, sai ya gangara bayan ƙashin ƙirji ya danne hanyar numfashi. Alamunsa su ne: numfashi ya riƙa sarƙewa in kin kwanta rigingine, loma ta riƙa tsaya miki, ko ki ɗaga hannu biyu wajen shanya ki ji fuska ta cika.

To 'yar uwa, wannan kam ya wuce shafe-shafe, kuma kada ki bari wanzami ya tsaga. Likita zai gwada jini, a ɗauki hoton ƙirji, kuma galibi tiyata ce maganinsa. Kar ki firgita, akasari ta wuya ake zaro shi, kaɗan ne sai an buɗe ƙirji. Murya kan dushe bayan aikin, yawanci ta dawo. In an cire tsokar duka, za ki riƙa shan ƙwaya kullum iya rayuwarki, ko kina da juna biyu.

Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, kuma lafiyarki amana ce. Ki gaya wa maigida tun yau, ku je asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.