Ɗan tsako ya yi laushi: mi za a fara yi mashi?

Makiyaya da manoma, maza da mata, darasinmu na wannan karo bisa ƙaramin abu ne: ɗan tsako guda wanda ya kasa bin uwarshi. Kun san shi. Da safe kaza ta fita da ɗiyanta, shi ya tsaya baya, ido rufe, fukafukai sun sauka, yana kuka ba ya fasawa. Wasu su ce a bar shi, ai na mutuwa ne. Wasu su ruga wurin mai tebur su sayo kafso su ɗura mashi. Duka biyu kuskure ne. Ɗan tsakon nan shi ne kazar da za ta sayo sabuni da magani baɗi, kuma sau da yawa abin da ke damunshi sanyi ne da ƙishirwa. Waɗannan kuwa maganinsu yana cikin gidanku.

Ku fara ɗauke shi daga cikin sauran. In ciwo ne mai yaɗuwa, kun tsare ƴan'uwanshi. In ba shi ba ne, kun tsare shi daga tattakewa da tsattsaga.

Ɗumi tukuna

Ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinshi da kanshi sai gashi ya rufe shi, wato bayan sati 4 zuwa 5. A satin farko yana bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, irin wanda yake samu ƙarƙashin uwarshi. To ku duba daren hunturu a Tawa ko Damagaram, ko asubahin damina da raɓa ta jiƙa ciyawa. Ɗan tsakon da ya jiƙe ko ya kwana gefe, jikinshi na hucewa nan da nan. Ku taɓa ƙafafunshi: in sun yi sanyi, kun gane.

Ku samo kwali ko ƙwarya babba, ku shimfiɗa tsumma busasshe. Ku zuba ruwan zafi cikin kwalba, ku toshe ta sosai, ku naɗe ta da tsumma, ku aje a gefe guda. Ku gwada a bayan hannunku; in ta ƙona ku, za ta ƙona shi. A bar wuri a ɗaya gefen don ya ja baya in zafi ya yi mashi yawa. Ruwa ya huce, a canza. In babu kwalba, ku sa shi cikin riga, jikin mutum ma ya isa. Tsofaffin mata sun daɗe suna yin haka, kuma suna da gaskiya. Mai amfani da garwashi ya sa shi cikin tukunyar ƙasa nesa da tsumma, kada ya rufe ɗaki ruf, don iskar gawayi na kashe ɗiyan kaji, tana kashe mutane ma.

Ba ku da ma'aunin zafi? Ɗan tsakon zai faɗa muku. In ya lafe jikin kwalba yana kuka da ƙarfi, sanyi yake ji. In ya gudu can gefe ya buɗe baki yana haki, zafi ya yi yawa. Da bazara kuwa, a watan Afrilu da Mayu, wanda kuka tarar yana haki fukafukai a buɗe rana ce ta buge shi. Shi inuwa da ruwa yake so, ba kwalba ba.

Kada ku ba shi komi ta baki tun jikinshi na da sanyi. Ba ya iya haɗiya da kyau, cikinshi kuma ba ya narkar da abinci. Ku jira kamar awa guda, har ya buɗe ido ya fara motsi.

Sannan ruwa

Ku tafasa ruwa litar guda, ya huce, ku zuba sukari ƙaramin cokali 6, ku dama. Gishiri ba dole ba ne, kuma yawanshi na cutar da ɗan tsako. Nan ne mutane da yawa ke kashe shi da hannunsu ba su sani ba: su buɗe bakinshi su ɗura ruwa. Ƙofar hanyar numfashi tana nan bayan harshe, ruwan sai ya wuce huhu ya shaƙe shi. Ku tsoma tsinin bakinshi kaɗai cikin ruwan, banda hanci, ku sake shi ya ɗaga kai ya haɗiye. Ko ku ɗiga mashi da yatsa a gefen baki. Ɗigo uku ko huɗu ya isa, a sake bayan rabin awa. Ruwan sukari na kwana guda ne ko biyu, daga nan a koma ruwa zalla, a marfi marar zurfi da ƴan tsakuwa ciki don kada ya faɗa ya jiƙe.

Abinci daga baya

Kada ku damu in sabon ƙyanƙyasa bai ci ba. Yana fitowa da sauran gwaiduwa cikin cikinshi, tana riƙe shi kwana 2 zuwa 3. Wanda ya wuce haka, in ya sha ruwa ya miƙe, ku dafa ƙwai ya dahu sosai, ku murmushe gwaiduwar ku ba shi kaɗan. Daga nan ɓarzajjen hatsi mai laushi da ɗan ruwa, da ƙananan gara. Dussa ita kaɗai ba ta gina jiki. Abin da ya rage a zubar, kada ya kwana. Abinci mai tsami ko mai fumfuna shi ma ciwo ne.

Ku juya shi ku duba

In kashi ya bushe ya toshe dubura, ɗan tsako ba ya iya fitar da kashi, yana iya mutuwa cikin kwana biyu. Ku jiƙa wurin da tsumma da ruwan ɗumi har ya saki da kanshi. Kada ku fizge, fata za ta biyo. Ku busar da shi, ku shafa ɗan man gyaɗa. Ku lura kada ku ɗauki cibiya a matsayin kashi: cibiya tana ƙasa, wajen ciki, ba a taɓa ta. In ta kumbura, ta yi ja ko tana wari, ciki ya yi taushi, ciwon ya shiga jiki, kuma irin wannan ba kasafai yake tashi ba.

Ku duba gefen ido da ƙarƙashin fukafukai. Ƙuma da ƙwarƙwata suna damunshi, kaskar da ke ɓuya cikin tsagar bango kuma tana shan jininshi da dare. A share akurki, a ƙona tsohuwar shimfiɗa, a liƙe tsagogi, a nemi hodar ƙwari wurin likitan bisashe. Maganin ƙwarin gona ba na kaji ba ne.

Yaushe abin ya fi ƙarfin gida?

Kashi da jini ga ɗan tsako mai sati 3 zuwa 6 alamar ciwon hanji ne da ake kira koksidiyoz, wanda ke son wuri mai laima. Yana da magani na sa wa ruwan sha, amma likitan bisashe ne zai faɗi awo. Kafson mutane ba ya yi mashi komi.

In kuwa ba guda ba ne, uku ko huɗu sun kwanta rana ɗaya, manyan kaji ma na gyangyaɗi, kashi kore, wuya na murɗewa, to maganar kwalba da sukari ta ƙare. Wataƙila Niyukasal ce, annobar da ke share gari da hunturu. Ba ta da magani, sai rigakafi. Akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido wanda ake maimaitawa kowane wata 4. Ba a yi wa marar lafiya, masu lafiya ake yi wa, tun kafin sanyi ya shigo. Kazar da aka yi wa tana ba ɗiyanta kariya ta cikin ƙwai, ta sati 2 zuwa 3 na farko.

Murar tsuntsaye ma haka take farawa, kuma ido ba ya rarrabe su. An same ta a Magarya a 2006, kuma ita tana iya kama mutum. Saboda haka kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada yara su ɗauki mushe. A gina rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabuni, a sanar da serwis ɗin kiwo na garinku tun ranar.

Wanda ya warke, yana ci yana sha yana gudu kwana biyu a jere, ku maida shi ƙarƙashin uwarshi da dare, lokacin da ta kwanta. Da safe ku tsaya ku gani ko ta karɓe shi. In tana tsattsagarshi, ya koma kwali har gashi ya rufe shi.