Rigakafin ƙyanda ga masu neman mafaka tun ranar isowarsu

A shekarar 2019, lokacin da dubban mutane suka tsero daga jihohin Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji na jihar Maraɗi, mafi yawansu mata ne da ƙananan yara. Da yawa sun fito daga ƙauyukan da rashin tsaro ya daɗe da raba su da gidan likita. Ku da kuke tarbar irin waɗannan baƙi, ku san cewa ƙyanda, wadda ake kira baƙon dauro, ita ce cutar da ta fi saurin ɓarkewa a inda jama'a suka cunkushe.

Mai ƙyanda ɗaya yana iya harbar mutum 12 zuwa 18 cikin waɗanda ba su da rigakafi. Yakan fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, kuma ƙwayar cutar tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2. Ita kuwa allura sai ta yi mako 2 zuwa 3 kafin kariyarta ta kama jiki. Saboda haka wanda ya jira ganin ƙuraje ya makara.

A lokacin gudun hijira ana yi wa duk yaro allura daga wata 6 zuwa shekara 15, ba tare da neman katin rigakafi ba; wanda ya gudu cikin dare ba ya tsayawa ɗaukar takarda. Jaririn da aka yi wa kafin wata 9 sai an sake yi masa idan ya cika wata 9. Yara masu wata 6 zuwa 59 a haɗa masu da bitamin A, domin ƙyanda tana cinye shi a jiki, har ta kai ga makanta.

Akan ji uwa ta ce ɗanta ya rame, a bari sai ya murmure. Ku lallashe ta da haƙuri. Tamowa ba ta hana rigakafi, hasali ma mai tamowa ne ƙyanda ta fi kashewa, kuma gudawar da ciwon baki da take kawowa sukan jefa lafiyayyen yaro cikin tamowa. Shi ya sa ya kyautu awon dantse da allura su kasance wuri ɗaya, rana ɗaya.

Kada ku manta da ƴaƴan masu masauki, tunda rijiyarsu da kasuwarsu ɗaya da baƙin. Duk yaron da kuka gani da zazzaɓi, jan ido, tari da ƙuraje, ku ware shi daga sauran yara, ku sanar da gidan likita mafi kusa a ranar.