Amsoshin Tambayoyinku: Neman Tallafin Digirin Digirgir Kan Muhalli

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani malamin makaranta a unguwar Hashimi da ke Suleja, Jihar Neja, yana tambaya ta yaya mai digiri na biyu zai sami tallafin karatun digirgir a fannin kiyaye muhalli.

To, Malam, Allah ya ƙara basira. Ƙofa mafi kusa da kai tana Minna, domin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke can tana ɗauke da shirin WASCAL, wanda gwamnatin Jamus ke tallafawa don nazarin sauyin yanayi a Afirka ta Yamma. Akwai kuma tallafin TETFund ga malaman manyan makarantun gwamnati, da tallafin Commonwealth na Birtaniya, da DAAD na Jamus.

Amma duk inda ka nufa, abin da masu tantancewa ke fara dubawa shi ne takardar ƙudurin bincike. Ƙudurin bincike, Malam, shi ne ruhin al'amarin. Wanda ya tsaya bakin kogin Iku na Suleja da damina, ya ga yadda leda ke toshe magudanan ruwa har ambaliya ta shiga gidajen bayin Allah, to, ya riga ya sami mas'alar da ta cancanci bincike; saura ya bayyana hanyar da zai bi da fa'idar da al'umma za ta samu.

Ka tanadi shaidar karatunka da wasiƙun malamanka tun kafin wa'adi ya ƙure, kuma ka guji duk wanda ya nemi kuɗi da alkawarin sama maka gurbi. Allah ya ba da sa'a.