Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar Gano Guba da Nakiya

Na'urar da wani mai sauraro daga Malumfashi ya yi tambaya a kanta tana haɗa wani abu daga jikin mai rai ne da kayan lantarki. Da yawa daga cikin waɗanda ake ƙerawa don gano makamai masu guba sun dogara da wani sinadarin jijiyoyi, asetilkolinesteres. Gubar sarin, wadda aka saki cikin jiragen ƙasa na Tokyo a 1995, daƙile aikin wannan sinadari take yi. Da zarar ya tsaya, sai na'urar ta ba da alama.

Nan ne maganar ta shafi manoman Funtua da Malumfashi. Magungunan ƙwari irin su Sniper, masu ɗauke da dikulobos, danginsu ɗaya da sarin, duk da ba su kai shi ƙarfi ba. Saboda haka na'urar tana iya nuna ragowarsu a waken da aka adana da su, abin da kasuwannin hatsi ke matuƙar buƙata.

Wajen nakiya kuwa, a 2017 masana a Jami'ar Hebrew ta Ƙudus sun gwada ƙwayoyin bakteriya masu haskawa idan tururin abin fashewa ya taso daga ƙasa.