Darasi: Masu Fataucin Yara

'Yan'uwa, mai fataucin yara ba ya zuwa da igiya a hannu. Ya kan zo da gaisuwa da alkawari, ya ce zai kai yarinya birni ta yi makaranta ko aikin gida. Da ta rabu da iyaye sai a bautar da ita, ko a tilasta ta ga karuwanci. Waɗansu ma a kan bi da su ta Agadas har Libiya.

A shekarar 2003 Gwamnatin Nijeriya ta kafa doka, ta kuma kafa hukuma mai suna NAPTIP domin wannan aiki. Hukumar tana kama masu laifi, ta kai su kotu, tana kuwa da gidaje inda ake kula da waɗanda aka ceto. A 2015 aka sabunta dokar, aka ƙara hukunci. Yanzu wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ɗauri ke jiransa. Nijar ma ta yi tata doka a 2010.

Amma ɗan sanda ba zai san abin da aka ɓoye masa ba. Saboda haka kada kunya ta rufe bakinmu, ko da mai laifin danginmu ne. Yarinyar da ta dawo kuwa, mu karɓe ta, gama laifin ba nata ba ne.

Tambayoyi:
1. Kafin ka ba da ɗanka riƙo, me ya kamata ka bincika?
2. Wa za ka gaya wa in ka ga alama?