Darasi: Kwakwar Attagara da Giginya

Ran Talata idan mun shiga kasuwar Mafara mukan ga masu talla da kwakwar attagara a faranti, an yanka ta fari fat. Muna saye, muna ci. Amma a cikinmu wa ya taɓa ganin itacenta a Bakura ko Maradun?

Kwakwa ba 'yar ƙasarmu ba ce. Asalinta can gabas ne, a tsibiran Asiya da bakin tekun ƙasar Indiya. Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a jiragen ruwa, wajen shekara ta 1500. Wadda muke ci daga Kudu ake kawo ta, kamar Badagiri ta jihar Legas. A duniya kuwa ba mai noma ta kamar Indonesiya da Filifin da Indiya.

Abin da muke gani a kasuwa ƙwallon ne kaɗai. A kan itace yana cikin wata riga mai kauri, mai zare-zare. Rigar nan ba ta da nauyi, saboda haka in kwakwa ta faɗa teku sai ta yi ta yawo bisa ruwa, har igiya ta jefa ta wani tsibiri, ta tsira can. Mu duba kan ƙwallon, za mu ga ido uku. Biyu suna da tauri, ɗaya mai taushi ne. Ta nan tsiro yake fitowa. Ruwan da ke ciki da farin naman, su ne guzurin tsiron kafin saiwarsa ta kama ƙasa. Doguwar kwakwa takan yi shekara 6 zuwa 10 kafin ta soma 'ya'ya.

Tana son ruwan sama mai yawa da iska mai laima. Mu kuwa daminarmu wata huɗu ce, sa'an nan ga hunturu. Ko da aka gama madatsar Bakolori a 1978, ƙasa aka jiƙa, ba iska ba. Wanda zai zuba kuɗinsa a gonar kwakwa a nan, ya yi tunani tukuna.

To, amma muna da 'yar'uwarta a fadamunmu, watau giginya. Danginsu ɗaya, su da goruba da dabino. Ga inda suka bambanta. Kwakwa guda tana da fure namiji da fure mace a jikinta. Giginya ba haka take ba: akwai namiji, akwai mace. Macen ce ke 'ya'ya, amma ba ta yi sai garin furen namiji ya iso ta.

Nan ne muke kuskure. Magina sun fi son namijin don azara, gama yana da ƙarfi, gara ba ta cinsa da sauri. In muka sare mazan duka, matan za su tsaya ba 'ya'ya. Ƙodagon da ya faɗo kuma mukan binne shi, bayan 'yan watanni mu tone muruci mu dafa. Muruci da daɗi, ba mu musa ba. Sai dai kowane muruci giginya ce da ba ta tashi ba. Ita kuwa ba ta da sauri, takan yi shekaru masu yawa kafin ta haihu.

Mako mai zuwa kowa ya zo aji da ƙodago ɗaya. Ya ƙirga giginyun unguwarsu kuma, ya rubuta maza nawa, mata nawa, ƙanana nawa.